Santambul da Bursa a Yini Ɗaya? Anya Kuwa, Hajiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali? Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina saro abaya da kayan yara. Zuwana Santambul ta ƙasar Turkiyya uku, amma wallahi ban san ko'ina a garin ba sai unguwannin sari na Laleli da Merter da shagon masu aiko mana da kaya. Wannan karon da mahaifiyata da ƙanina zan tafi, kwana shida za mu yi a watan Oktoba. Hajiya ta haura saba'in, gwiwa tana damunta, kuma babban burinta ta ga kayan tarihin Musulunci da take jin labari. Yini ɗaya na ware mata. Wani mai shirya yawon buɗe ido ya turo mini tsari ta WhatsApp: mota tamu mu kaɗai, da direba da ɗan jagora, a ɗauke mu ƙarfe 8 na safe, a kai mu masallacin Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed da fadar Topkapi da babbar kasuwa, daga nan a wuce garin Bursa, a hau dutse, a dawo da mu otal bayan isha'i. Kuɗin da ya yanka ba kaɗan ba ne. In biya, ko in bi motar haɗaka tunda ta fi araha?

Daga wata mai karatu, Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa Hajiya Babba lafiya, ke kuma ya ba ki masu yi miki. Kada ki biya wannan tsarin yadda aka turo miki shi, motar haɗakar ma ki bar ta. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma abin da mutumin nan yake so ya sayar miki ke nan.

Ke 'yar kasuwa ce, don haka bari mu buga lissafi. Daga Santambul zuwa Bursa wajen kilomita 150 ne. Tunda aka buɗe gadar Osman Gazi a 2016 hanyar ta ragu sosai, amma daga Laleli sai kun tsallaka ruwa zuwa ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya, kun keta rabin gari, kafin ku hau babban titi. In an dace, awa biyu zuwa biyu da rabi. Dawowa kuwa da daddare za ku tarar da cunkoson shiga gari, wanda kin san shi ba sai na ba ki labari ba. Awa biyar ke nan kuna zaune a mota. Cire lokacin cin abinci, cire azahar da la'asar da magariba, cire neman banɗaki da alwalar dattijuwa wadda ba a gaggauta ta. A tsakiyar Oktoba kuma rana tana faɗuwa wajen shida da rabi. Abin da ya rage shi za a raba wa wurare bakwai ko takwas, alhali fadar Topkapi kaɗai tana cin awa biyu zuwa uku in ana so a ga abin kirki. Ƙarshenta Hajiya Babba ta dawo da kumburin ƙafa da hotuna a waya, a tambaye ta me ta gani ta ce motoci.

Ga kuma abin da mai tsarin bai faɗa miki ba: tsohon birnin Santambul ba ya buƙatar mota. Daga tashar jirgin ƙasan cikin gari ta Laleli, wanda kike gani yana wucewa ta gaban shaguna, tasha uku ce zuwa Sultan Ahmed: Beyazit, Cemberlitash, sai ta ukun ku sauka. Da katin biyan kuɗin jirgi na Istanbulkart ɗaya ku uku za ku shiga, a riƙa dangwala shi ɗaya bayan ɗaya. Filin da Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmed suke fuskantar juna na masu tafiya a ƙasa ne, ko kin biya mota sai ta ajiye ku a nesa kun taka. Kin ga kuɗin motar a wannan sashen asara ne. Ki daina kallon abin a matsayin yini ɗaya. Kasuwa ba ta kankama da sassafe, don haka ki gutsuro safiya biyu daga kwanakinku na sari, ki ba Santambul, yinin da kika ware kuma ki ba Bursa gaba ɗayansa.

Safiya ta farko, Topkapi. Kada ta zama Talata, ranar a rufe take. Ku isa da an buɗe ƙofa, kada ku tsaya kallon tangaran da tukwanen girkin fada, ku miƙe zuwa farfajiya ta uku inda ɗakin Amanoni Masu Tsarki yake, kafin layi ya yi tsawo. Yawancin kayan Sultan Salim na Ɗaya ne ya kawo su bayan ya ci Masar a 1517, wasu kuma daga baya aka kawo daga Makka da Madina. Tun daga bakin ƙofa za ki ji karatun Alƙur'ani, ba rediyo ba ne, alaramma ne a zaune cikin wani ɗan keɓaɓɓen wuri, in ya gaji wani ya karɓe shi. A ciki akwai takubban da ake dangantawa ga Manzon Allah (SAW) da halifofinsa huɗu, da tsofaffin makullan Ka'aba, da tsohon indararonta, da wasiƙar da aka ce ita aka aika wa Muƙauƙisu sarkin Masar. Ki gaya wa Hajiya Babba tun a otal cewa mayafin da aka ce Annabi ya yafa wa mawaƙi Ka'abu ɗan Zuhairu ba a baje yake ba, cikin akwatin zinare yake, daga nesa ake hangowa ta bayan gilashi. Na taɓa raka wata dattijuwa da ba a gaya mata ba, ta yi ta leƙe tana neman mayafi har mai gadi ya ce a matsa gaba, ta fito ranta a ɓace. Daɓen fadar duwatsu ne, ki saya mata 'yar kujera mai naɗewa ƙaninki ya rataya, za ta yi amfani har a masallatai.

In kun fito, Aya Sofiya tana nan bakin ƙofa. A shekarar 537 aka gama gina ta a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a 1934, ta koma masallaci a 2020. Tun farkon 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido suna biyan kuɗi, kuma bene ake hawa da su. Wannan ba na Hajiya Babba ba ne. Ku daidaita fitowarku da kiran azahar, ku bi masallata ku yi salla a ƙasa, ƙarƙashin ƙubbar, in an idar ku zauna ku ɗaga kai. Masallacin Sultan Ahmed kuma ku bar shi zuwa la'asar in da sauran ƙarfi. Babbar kasuwa ban ce ki kai ta ba. Ke kin san farashin Laleli, me za ki je yi inda ake yanka wa Turawa kuɗi? In dai kwaɗayin gani ne, ban da Lahadi, ba sa buɗewa.

Safiya ta biyu ita ce wadda nake ganin za ta fi zama a zuciyar Hajiya Babba, kuma ba ta cikin tsarin da aka turo miki. Ku ɗauki tasi ku je sallar asuba a masallacin Eyup Sultan. Nan kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da raƙumar Manzon Allah ta durƙusa a kusa da gidansa ranar shiga Madina, ya sauke shi a gidan nasa har aka gina masallaci da ɗakuna. Ya fito yaƙi da tsufansa a zamanin Mu'awiya, ya rasu a gindin ganuwar wannan birni, shekara kusan 780 kafin Musulmi su ci shi. Bayan Sultan Muhammad Fatih ya shiga birnin a 1453, yana ɗan shekara 21, aka gina masallaci a wurin a 1458, kuma a nan ake rataya wa sabon sultan takobi in ya hau gado. Asubar Oktoba a can ba ta wuri ba ce, ba sai kun yi sammakon wahala ba. Ku yi sallama, ku yi masa addu'a, ku fito ku sha shayi da burodin simit mai riɗi, ƙarfe tara ta yi miki a shago.

To, Bursa. A nan ne motar ku kaɗai take biyan kuɗin sabulu.

Bursa ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko, ta Turkawa nake nufi, ba ta Shehu Ɗanfodiyo ba. Orhan Gazi ne ya ci garin a 1326, ya kuma binne mahaifinsa Usman Gazi a can, wanda daular ta ci sunansa. Sarakuna shida na farko duk a Bursa suke kwance. Wanda ya ga Santambul bai ga Bursa ba, ya ga rassa ne bai ga saiwa ba. Sai dai akasarin motocin haɗaka ba saiwar suke kai mutane gani ba, kuma jiki magayi.

Shekarun baya na biya wa baffana irin wannan tafiya, don na ga araha. Mu wajen ashirin a mota, yawanci Larabawa da iyalansu. Tun kafin mu kai Bursa aka tsaya da mu a shagon alewar lokum, wai ɗanɗano kyauta. Aka tsaya a wurin hawan babura masu ƙafa huɗu, waɗanda ba su hau ba suka zauna jira. Aka tsaya a shagon zuma. Aka hau dutse, aka ci abinci, aka sauko, aka tsaya a gindin wata tsohuwar bishiya aka sha hoto. Rana ta yi ja sannan muka shiga cikin gari, ɗan jagora ya ɗaga hannu ya ce minti ashirin, kowa ya dawo mota. Baffa da ya yini yana tambayata ina masallacin, alwala kawai ya yi ya rama la'asar, aka fara yi mana oda. Har muka iso otal bai ce mini uffan ba, sai da zai shiga ɗaki ya juyo ya ce, "Ɗan nan, zuma kam mun gani." Wannan tsaye-tsayen ba kuskure ba ne, da shi arahar take fita. Duk abin da fasinja ya saya, akwai la'adar kamfani da ta ɗan jagora. Turkawa har suna suka ba abin, hanut suke ce masa.

Ku fita ƙarfe bakwai, ku isa Bursa da hantsi, ku fara da Ulu Jami, wato babban masallaci. A allon hanya za ki ga an rubuta Ulu Cami, harafin c na Turkawa j ne a bakinsu. Sultan Bayazid na Ɗaya ne ya gina shi tsakanin 1396 da 1399. Labarin da mutanen garin suke bayarwa shi ne ya yi bakance zai gina masallatai ashirin in ya ci yaƙin Nikopolis, da ya ci sai aka ba shi shawara ya gina ɗaya mai ƙubba ashirin. Ƙubbobin suna nan, ashirin cif, a kan ginshiƙai goma sha biyu. Daga waje ba ya ɗaukar ido, har za ki ce shi ke nan? Sai kin cire takalmi kin shiga. A tsakiyar masallacin, a ciki ba a farfajiya ba, akwai kwamin alwala na marmara, haske yana sauko masa daga ƙubbar gilashi, ƙarar zubar ruwan tana bin ko'ina. Bango da ginshiƙai kuwa rubutu ne, wani harafin ya fi mutum tsawo: ga wawu guda ita kaɗai ta cika fuskar ginshiƙi, ga sunan Allah an rubuta shi dama da hagu suna kallon juna. Duk wanda ya taɓa riƙe allo sai ya tsaya yana haɗa baƙi. Mumbarin na katakon gyaɗar Turawa ne, ƙananan guntaye aka sarƙa cikin juna ba ƙusa. Ki samar wa Hajiya Babba gindin ginshiƙi ta zauna, ki ƙyale ta. In awa guda take so, a ba ta. Abin da kika biya kuɗin mota dominsa ke nan.

Daga ƙofar masallacin taku kaɗan ne zuwa Koza Han, masaukin fataken siliki da aka gina a 1491. Koza a harshensu shi ne kwanson tsutsar siliki, kuma a da a wannan farfajiyar manoma suke kawo shi a yi ciniki. Yanzu ƙasa masu shayi ne a inuwar bishiyoyi, da wani ɗan masallaci a tsakiya da aka ɗora a kan wurin alwala, sama kuma shagunan gyale da ɗankwali. Ki bar Hajiya Babba da ƙaninki a ƙasa ki hau. Ba duk abin da aka ce miki siliki ne siliki ba, amma ba ni zan koya miki taɓa yadi ba. Ki leƙa layin masu tawul a kasuwar da ke manne da wurin, Bursa ta yi suna a tawul da rigunan wanka, wataƙila ki samo abin da za ki ƙara a kayan lefe. Abincin rana kuma ba a tambaya: iskandar kebab, wanda garin ne asalinsa. Yankakken nama ne falle-falle a kan gutsattsarin gurasa, da miyar tumatir da kindirmo a gefe, sai mai kawowa ya zo da tafasasshen man shanu ya kwarara a kai yana ƙara. In likita ya hana Hajiya Babba maiƙo, ki ɗaga masa hannu tun kafin ya karkata kaskon.

Bayan azahar mota ta hau da ku tudun Tophane, inda kaburburan Usman Gazi da Orhan Gazi suke. Girgizar ƙasar 1855 ta rushe na asali, waɗannan a 1863 aka sake gina su. Daga bakin tudun za ku ga garin gaba ɗaya a shimfiɗe. Sai Muradiye, masallaci ne da maƙabartar gidan sarauta, inda ba kasafai ake kai baƙi ba, ni kuwa nan na fi so. Sultan Murad na Biyu, mahaifin Muhammad Fatih, ya bar wasiyya kada a rufe saman kabarinsa, don ruwan sama ya riƙa sauka a kai. Haka aka yi. Za ki shiga ɗaki mai ginshiƙai, tsakiyar rufin a buɗe, kabarin kuma ƙasa ce zalla ba ado, alhali na 'ya'yan sarakuna da ke kewaye da shi sun sha tangaran mai launi. In lokaci ya rage ku yi la'asar a Yeshil Jami, Koren Masallaci, ku kama hanya kafin duhu.

Dutsen Uludag ki cire shi, a Oktoba hazo da sanyi kawai za ku tarar. Ƙauyen Jumalikizik ma ki cire. Yana da kyau, yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a kundinta a 2014 tare da tsohon garin Bursa, amma hawa ne a kan duwatsu masu santsi, ruwa yana bin tsakiyar lungu. Ba wurin mai ciwon gwiwa ba ne.

Kafin ki tura ko sisi, a rubuta komai a WhatsApp ɗin nan, ba a baki ba. Wuraren da za a je da jerinsu. Cewa babu tsayawa a kowane shago sai wanda kika nema da bakinki. Cewa ta gada za a bi zuwa da dawowa, kuma kuɗin gadar yana cikin farashi, don yana da tsada, wasu direbobin sukan kauce su bi jirgin fito na Eskihisar, ko su ce ki biya a hanya. Awa nawa motar take hannunki, nawa ne in an zarce. Ki nemi hoton motar, ki duba tsayin matakinta. Ki ba da kafin alƙalami kaɗan, cikon sai an sauke ku a ƙofar otal. In ya ƙi cire shaguna, ko farashi ya tashi da kika ce a cire, kin gane inda ribarsa take, ki nemi wani.

In kuma kasuwa ta riƙe ki har yinin nan ɗaya ne tal ba ƙari, to ki haƙura da Bursa. Asuba a Eyup, hantsi a Topkapi, azahar a Aya Sofiya, a koma otal ta miƙe ƙafa. Bursa sai wani zuwan, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni da amaryata za mu je Turkiyya a watan Yuli. An ce in an je Bursa ana hawa dutse a yi wasa da dusar ƙanƙara, ita kuma abin da take so ta gani ke nan. Wace rigar sanyi za mu saya?

Daga wani ango, Maraɗi

AMSA: Allah ya sanya alheri, ƙanina, ya ba da zaman lafiya. Kada ka sayi komai. Uludag ya kai mita 2,543, amma dusarsa ta hunturu ce, daga Disamba zuwa Maris. A Yuli ciyawa ce kore shar da iyalai suna gashin nama a inuwa. Hotunan da aka nuna wa amarya na Janairu ne. Ku hau keken igiyar da yake ratsa saman daji, tafiyar wajen kilomita tara ce kuma ta isa kallo, ku riƙe 'yar rigar sama mara nauyi don can sama da iska. Amma ka gaya mata gaskiya tun a gida, kada ka fara aure da alkawarin ƙanƙara.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗan maƙwabcina yana karatu a Santambul, ya ce in mun zo shi zai zagaya da mu, ba sai mun ɗauki ɗan jagora ba, mu dai ba shi na goro. Yana jin Turkanci sosai. Akwai matsala?

Daga wani magidanci, Kumasi

AMSA: Alhaji, in rakiya ce irin ta ɗa da uba, ya nuna muku tasha, ya yi muku tafinta a kasuwa da wurin cin abinci, babu abin da ya fi wannan daɗi, ga Hausa ga Turkanci. Amma aikin jagorar 'yan yawon buɗe ido a Turkiyya sana'a ce mai lasisi. Mai yin ta yana rataye da kati a wuya, kokart suke kiransa, da hotonsa da harsunan da aka yarje masa. Kamfanin da yake shirya tafiya da kuɗi kuma dole ya kasance da rajista a ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta ƙasar, wato TURSAB, kana iya neman lambarsa. Ana kama masu yi ba izini a ci su tara, kuma yaron nan da takardar zaman ɗalibi yake zaune a ƙasar. Kada ka sa shi ya tsaya a tsakiyar Topkapi da mutum goma a bayansa yana ɗaga murya yana bayani, ko ya yi muku hayar mota da sunansa ya karɓi kuɗi a hannunku. In kuna da yawa, ku ɗauki mai lasisi da yake jin Turanci ko Larabci, yaron ya tsaya a gefenka yana juya maka da Hausa. Na goron kuma ka ba shi a gida, ka haɗa masa da yaji da kilishi in ka samu, ɗaliban can sun fi murna da su.